Kafin a Ɗaure Kaya, a Tambayi Lakkol

Kaka ta wuce, an ɗaure hatsi an zuba a rumbu. Yanzu ne lokacin da ake ganin amalanke bisa hanya, ɗauke da gado da tabarmi da turmi, mata da yara zaune a sama, awaki ɗaure a baya. Iyali ne ke ƙaura. A gundumomin Birnin Konni da Malbaza da Illela, cikin jihar Tawa, wannan ba baƙon abu ba ne. Kowace shekara wasu na tashi, wasu na sauka.

Magidancin da zai tashi da iyalinsa yakan yi tambaya kafin ya ɗaure kaya. Yakan tambayi gona: jigawa ce ko fadama? Yakan tambayi rijiya: gaba nawa ce? Yakan tambayi kasuwa da gidan likita da masallacin Juma'a. Tambaya guda ce ake yawan mancewa da ita, ita ce ta lakkol. Sai an sauka, an kafa bukka, an yi wata biyu, sannan a tuna akwai yaro ɗan aji huɗu da ke zaune a gida. A lokacin nan shekarar karatu ta yi nisa. Yaro ya yi hasarar shekara, wani kuma daga nan ya bar karatu ke nan har abada.

Masu ƙaura iri uku

Na farko shi ne manomin da gonar gado ta yi wa kaɗan. Yana neman wurin noman rani. Wani yana nufar Galmi da kewayenta, cikin ƙaramar hukumar Dogerawa, inda albasa ta yi suna har ƙasashen waje. Wani yana nufar gandun noman rani na Konni, mai faɗin hekta fiye da 2000, wanda ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango na kwarin Majiya. Wani kuma yana neman aikin ƙarfi a Malbaza, inda ake yin siminti tun shekarun 1960.

Na biyu shi ne ɗan bida da ya daɗe a waje, ya yi aure can, ya haifi ƴaƴa, yanzu yana so ya komo gida. Mutanen Adar sun saba da wannan tafiya: Sakkwato, Ikko, Abijan, Libiya, Aljeriya. A shekarar 2011, da yaƙi ya ɓarke a Libiya, dubban mutanen jihar Tawa sunka komo gida cikin ƴan watanni.

Na uku shi ne makiyayi, Bafillace ko Buzu, wanda ya ga ya kamata ya zaunar da mata da yara da tsofaffi wuri guda, shi da samari su bi dabbobi. Akwai kuma waɗanda rashin kwanciyar hankali ya kora. A watan Maris na 2021 an kashe mutum 137 a yankin Tiliya, arewacin jihar Tawa. Iyalai da yawa sun bar wurarensu, makarantu da dama sun rufe.

Dukkan waɗannan mutane suna da abu guda: in suna da zaɓi tsakanin gari biyu, lakkol tana cikin abin da ya kamata a auna.

Yadda karatun yake a tsare

Lakkol ta farko shekara 6 ce. Ana ɗaukar yaro yana da shekara 6 ko 7. Sunayen azuzuwan su ne CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. A ƙarshen CM2 akwai jarrabawar CFEPD, wadda mutane ke kira sartifika. An daina ta bayan 2013, anka komo da ita a 2024. Bayan nan sai kwaleji, wato CEG, shekara 4, a yi jarrabawar BEPC. Sannan lise, shekara 3, a yi BAC. Wanda ya ci BAC yana iya zuwa jami'a. Akwai ta a nan cikin garin Tawa, tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, malamin da ya rubuta tarihin ƙasar Adar.

Kowace lakkol tana ƙarƙashin ofishin sufeton makarantu na yankinta. Kuma yaran da sunka gama CM2 hukuma ce ke tura su kwalejin da ke haɗe da yankin lakkol ɗinsu. Don haka wanda ya zaɓi gari ya zaɓi lakkol ta farko, ya kuma zaɓi kwalejin da ɗansa zai je bayan shekara 6, ko ya sani ko bai sani ba.

Yana da kyau a san iyakar gundumomin. Gundumar Birnin Konni tana da ƙananan hukumomi 4: Konni, Tsarnawa, Bazaga da Allela. Gundumar Malbaza, wadda anka cire daga ta Konni a 2011, tana da 2: Malbaza da Dogerawa. Gundumar Illela tana da 3: Illela, Badagishiri da Tajaye. Ƙauyuka biyu na iya zama maƙwabta, ana jin kiran sallar juna, amma takardun ɗaya a Konni suke, na ɗayan a Malbaza. Wanda bai san wannan ba yakan yi tafiyar banza.

Tambaya ta farko: nisa

Nisan da babba ke gani kusa, ga yaro ɗan shekara 7 tafiya ce. A lissafa. In tsakanin gida da lakkol kilomita 3 ne, zuwa da komowa kilomita 6 ke nan. In lakkol ɗin ana shiga sau biyu, safe da marece, kuma yaro yana komowa gida cin abinci, ya zama kilomita 12 a yini. A watan Afrilu da Mayu, zafin rana a wannan yanki yana wuce awo 40. Yaron da ya yi wannan tafiya in ya shiga aji barci zai yi.

Kada a dogara da faɗar mutane cewa "nan kusa ne". Maigida ya taka da ƙafarsa daga wurin da zai kafa gida har ƙofar aji, ya riƙe hannun ƙaramin ɗansa, ya ga lokacin da za su ci. Gani ya kori ji.

A duba hanyar ita kanta. A kwarin Majiya da na Badagishiri akwai koramu da ke cika in an yi ruwa. Damina kan faɗi a watan Mayu ko Yuni, daidai lokacin jarrabawa, kuma wani lokaci ruwa bai gama janyewa ba a watan Oktoba. A garuruwan da ke bakin babbar hanyar kwalta, irin su Tsarnawa da Malbaza da Galmi, haɗarin na manyan motoci ne. In sai yaro ya tsallaka kwalta kafin ya kai lakkol, a nema masa babban yaro da za su riƙa tafiya tare.

Tambaya ta biyu: aji nawa, malam nawa?

Ba kowace lakkol ke da aji 6 cikakku ba. A ƙananan ƙauyuka akwai mai aji 2 ko 3. Akwai wadda ba ta ɗaukar sababbin yara kowace shekara, sai bayan shekara biyu. Iyali na iya sauka da yarinya ƴar CE2, a tarar bana babu CE2 a garin. Sai a ce ta koma CE1, ko ta jira baɗi. Wannan abu yana faruwa, kuma tambaya guda ga direktan lakkol tana maganinsa: "Wane aji da wane aji ke akwai bana?"

A tambayi yawan malamai. Lakkol mai aji 6 da malam 3, kowane mushe yana riƙe da aji biyu ke nan. Malami mai himma yana iya wannan aiki, amma ya kamata uba ya sani. A tambaya ko malaman cikin garin suke kwana, ko daga birni suke zuwa bisa babur. Malamin da ke kwana cikin gari ya fi samun lokacin yara, kuma ruwan sama ba ya hana shi zuwa. Galibin malaman lakkol ta farko a Nijar ƴan kwantaragi ne. Garin da ke ba baƙon malami ɗaki, yana kuma mutunta shi, shi ne garin da malami ke daɗewa a cikinsa.

Akwai gwajin da kowa ke iya yi, ko da karatun yaƙi da jahilci kaɗai ya yi. A kira yaro ɗan CM1 na garin, a ba shi takarda ya karanta, a ba shi lissafin buhun albasa 7 ya fitar da kuɗinsu. In yara uku sun kasa, akwai magana. In sun iya, malaman garin suna aiki.

Tambaya ta uku: ɗaki, ruwa da abinci

Azuzuwa da yawa a karkara na zana ne da kara. Iyayen yara ke kafa su, kuma ba a samun kara sai an gama girbi. Saboda haka irin wannan aji yakan makara wajen buɗewa, in ruwan farko ya sauka kuma sai a tashi. Yaron da ke cikinsa yana rasa makonni a farkon shekara, ya rasa wasu a ƙarshenta.

Ajin zana yana da haɗarin wuta. A watan Afrilu na 2021 gobara ta kashe yara wajen 20 a wata lakkol a Yamai. A watan Nuwamba na wannan shekara wata gobarar ta kashe yara fiye da 20 a Maradi. Dukkansu cikin azuzuwan zana ne. Uban da zai sa ɗansa a irin wannan aji ya duba: ƙofar tana da faɗi? Masu tuyar ƙosai da masu shayi suna nesa da zanar?

A duba ko akwai famfo ko rijiya kusa. A duba ko akwai salanga, ta maza daban, ta mata daban. Yarinyar da ta fara girma ba ta sakewa a lakkol marar salanga, kuma wannan yana cikin abubuwan da ke sa ƴan mata fashi. A tambaya ko akwai kantin, wato dafa wa ƴan lakkol abinci. Ba kowace lakkol ke da shi ba. Inda yake, yaron nesa ba ya komawa gida da rana, tafiyarsa ta ragu da rabi.

Tambaya ta huɗu: ina kwaleji?

Nan ne yawancin yaran karkara ke faɗuwa. Yaro ya yi shekara 6, ya ci jarrabawa, an tura shi kwaleji a wani gari mai nisan kilomita 15 ko 20. Ba ya iya zuwa ya komo kullum. Dole a nema masa mai masauki. In akwai kawu ko gwaggo a garin, da sauƙi. In babu, sai a roƙi wanda ba a sani ba sosai. Wani mai masaukin yana riƙe yaro kamar nasa. Wani kuma yana mai da shi ɗan aike: ɗiban ruwa, kiwon tumaki, talla. Hatsin da uba ya kai ya ƙare, yaro ya ji yunwa, ya tattara kayensa ya komo gida.

Ga ƴa mace abin ya fi tsanani. Uwa ba ta son ƴarta mai shekara 13 ta kwana gidan da ba nata ba. Uba yana tsoron abin kunya. Sai a ce ta zauna, ba da daɗewa ba a yi mata aure. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ƴa mace da taimaka mata har ta kai shekara 16. Doka tana nan, amma nisan kwaleji yana nan shi ma. Mai ƴaƴa mata da ke da zaɓi, ya zaɓi garin da yarinya za ta je kwaleji da ƙafa, ta komo ta kwana ɗakin uwarta. Manyan garuruwa irin su Konni, Malbaza, Galmi, Illela da Badagishiri suna da kwaleji, haka ma wasu manyan ƙauyuka. A tambaya kafin a sauka.

Wace irin lakkol?

Lakkol ta gwamnati iri uku ce. Akwai wadda ake koyarwa da Faransanci, ita ce ta fi yawa. Akwai ta Faransanci da Larabci, wadda ake kira madarasa ko faranko-arab. Ta farko irinta an buɗe ta a garin Sayi a 1957. A cikinta yaro yana koyon Larabci da addini tare da lissafi da sauran darussa, kuma takardarta gwamnati ta san da ita. Wanda ya zaɓe ta ya tambaya ko akwai kwalejin faranko-arab kusa, don kada karatun ya tsaya a aji 6.

Ta uku ita ce mai harshe biyu, inda yaro ke fara karatu da harshen uwarsa, sannan a shigo da Faransanci sannu a hankali. An fara gwada wannan da Hausa a Damagaram a 1973. Yaron da ya fara da harshen da yake ji yana saurin gane baƙi da wasali, kuma uban da ya yi karatun manya yana iya duba kayensa da dare. A 2025 sabuwar dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk da haka manyan jarrabawa da Faransanci ake yin su, yaro yana bukatar harsunan biyu.

Makarantar allo ba ta hana lakkol. A garuruwa da yawa yara suna zuwa wurin malam da asuba da kuma dare, su je lakkol da rana. Sabon baƙo ya zauna da malamin allo da direkta, a daidaita lokaci.

Masu komowa daga Najeriya

Illela biyu ce. Akwai Illelar Adar, garin Sarkin Adar, a Nijar. Akwai Illelar jihar Sakkwato, wadda ke kallon Birnin Konni ta tsallaken iyaka, kilomita kaɗan tsakaninsu. Mutanen garuruwan biyu dangin juna ne, harshensu guda, amma karatunsu ya bambanta. Can da Ingilishi ake yi, nan da Faransanci.

Yaron da ya yi aji 4 a Najeriya ya san baƙaƙe, ya san lissafi, amma bai ji Faransanci ba. In an kawo shi, direkta zai gwada shi, kuma sau da yawa ana mai da shi baya. Kada uba ya yi fushi, kada yaro ya ji kunya. Wanda ya riga ya iya karatu da wani harshe yana saurin kamo sauran. A zo da duk takardun da lakkol ta can ta ba shi.

Wasu iyayen da ke bakin iyaka sukan ce yaro ya ci gaba da zuwa can, tun da kusa ne. A tuna iyaka ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe ta daga watan Agusta na 2019 har Disamba na 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024. Iyalin da ya yi niyyar zama a Nijar, gara yaransa su yi karatun Nijar.

Ga yaron da ya wuce shekarun shiga CI, ko wanda ya bar karatu tun da wuri, akwai azuzuwan gaggawa a wasu garuruwa. Suna ɗaukar ƴan shekara 8 zuwa 12, a koyar da su wata 9, a fara da harshen uwa, sannan a gwada su a sa su ajin da ya dace a lakkol. Ba ko'ina suke ba. Ofishin sufeto ya san inda suke.

Makiyayi da lakkol

Shekarar makiyayi da shekarar lakkol ba su haɗu ba. Da damina dabbobi suna hawa arewa, wajen Abalak da Azawak. Ba sa gangarowa sai an saki gonaki, wajen watan Disamba. Lakkol kuwa tun Oktoba take buɗewa. Yaron da ya bi garke zai tarar an yi wata biyu ana karatu.

Makiyayan da sunka yi nasara a wannan fanni raba gida sunka yi. Tsohuwa ko uwar yara ta zauna kusa da lakkol da ƴan awaki da saniyar tatsa, samari su tafi da garke. In za a zaɓi mazauni, a nemi wurin da ya haɗa abu uku: rijiyar da ke shayar da dabba, burtalin da bai toshe ba, da lakkol mai kantin. A yankin Tajaye, inda Hausawa da Buzaye ke zaune tare tun da daɗewa, irin wannan zama sananne ne. Ardo ko hakimin rukuni yana iya kai kukan mutanensa ga sufeto in yaran ruga sun kai yawan da za a buɗe musu aji.

Ɗan makiyayi mai karatu shi ke karanta takardar allurar dabbobi da rasit ɗin kasuwa. Shi ke karanta takardar sulhu in an yi ɓarnar gona, kafin ubansa ya dangwala hannu.

Takardun da za a riƙe

Ta farko takardar haihuwa. Bisa dokar 2019, ana da kwana 60 a bayyana haihuwar jariri a wurin da hukuma ta tanada, a gidan likita ko a ƙauye ko a ma'aikatar magajin gari. In lokacin ya wuce, sai an bi ta wurin alƙali. Sau da yawa ana karɓar yaro a CI ba da takarda ba, amma ranar rubuta sunayen masu jarrabawa za a neme ta. A nemi takardar tun kafin a tashi, a wurin da anka haifi yaron, inda shaidu suke. Komowa nemanta daga baya kuɗin mota ne da ɓata kwanaki.

Ta biyu takardar shaidar karatu daga direktan lakkol ɗin da za a bari. Ita ke nuna sunan yaro da ajinsa. A karɓi kuma littafin sakamakonsa. In babu su, sabon direkta ba shi da hujjar sa yaro ajin da uba ya faɗa.

A duba sunan yaro da shekarar haihuwarsa, su zama iri ɗaya a kowace takarda. Harafi guda in ya sauya, yana iya hana yaro jarrabawa. A naɗe takardun cikin leda, a sa a akwati, saboda gara da ruwa.

Yaushe ya kamata a tashi?

Shekarar karatu tana farawa a Oktoba, ta ƙare a Yuni. Wani lokaci ranar buɗewa tana motsawa: a 2024 an ɗage ta zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliyar ruwa. Lokacin da ya fi dacewa a sauya wa yaro lakkol shi ne babban hutu, daga Yuli zuwa Satumba. Amma manomi ba ya barin gonarsa da damina, sai ya girbe. Mafita ita ce maigida ya je tun Satumba ya rubuta sunayen yara a sabon gari, ko ya tura ƴan lakkol gaba wurin dangi, sauran iyali su biyo bayan kaka. Ɗan CM2 da ɗan ajin ƙarshe na kwaleji, in da hali, a bar su su gama shekarar inda suke.

Masu zuwa noman albasa su yi hattara da abu guda. Dashe yana kamawa daga Nuwamba zuwa Janairu, cira kuma wajen Maris da Afrilu. Duk cikin shekarar karatu ne. Hannun yaro yana da amfani a garka, kuma kuɗin ranar yana da daɗi. Amma fashin mako uku a CM2 yana iya kayar da yaro. A bar masa aikin ranakun hutu.

Wa za a tambaya?

Matambayi ba ya ɓata. A fara da maigari, shi ke ba baƙo masauki. Daga nan sai direktan lakkol. Sannan shugaban kwamitin kula da lakkol, wanda aka fi sani da COGES, yanzu kuma ana ce masa CGDES. Wannan tsari na kwamitin da mutanen gari ke zaɓa da ƙuri'a ya yi ƙarfi ne a nan jihar Tawa, da wani shiri da anka fara a 2004 tare da taimakon ƙasar Japan, daga baya ya bazu ko'ina cikin Nijar. Kwamitin ke tara gudummawa, ya kafa azuzuwa, ya gyara benci, ya bi yaran da ke fashi. A tambaya yaushe ya yi taronsa na ƙarshe, kuma me ya aikata bara. Garin da kwamitinsa ke taro, lakkol ɗinsa tana da masu ita.

Uwargida ma ta yi nata binciken. A bakin rijiya da wurin daka mata suna faɗin abin da maza ba sa faɗi a fada: wane mushe ke duka, wane ke fashi, ƴan mata nawa sunka kai kwaleji bara. A garuruwa da yawa akwai ƙungiyar iyaye mata ta lakkol. Baƙuwa ta nemi shugabarta.

Misalin gari biyu

A ɗauki misalin manomi mai ƴaƴa uku: yarinya ƴar CM1, yaro ɗan CP, da na goye. An yi masa tayin aron garka a wuri biyu. Ta farko babba ce, ruwanta kusa, amma lakkol ɗin ƙauyen aji 3 gare ta, babu CM1, kwaleji kuma tana da nisan kilomita 18. Ta biyu ƙarama ce, amma tana gefen babban gari mai aji 6 da kwaleji.

Da dare ya ce wa matarsa: "Uwar yara, babbar garkar nan za ta ba mu buhu da yawa."

Ta ce: "Gaskiya ne, Malam. Amma yarinyar nan fa? Shekara huɗu tana tashi da asuba, ga ta cikin ta biyar. In mun sauka can, ina za ta zauna?"

Ya ce: "Sai ta je wurin yayata a birni."

Ta ce: "Yaya tana da nata shida, ɗaki biyu. Kuma wa zai duba ta in ta yi zazzaɓi?"

Lissafin da ke gabansu ke nan. Babbar garka za ta ƙara buhuna bana. Amma daga cikinsu za a fitar da hatsin mai masauki, da kuɗin mota, da na sabulu da kaye da bik, shekara bayan shekara, ga yarinya sannan ga ƙanenta. Akwai hanya ta uku: iyali su zauna a babban gari, maigida ya riƙa zuwa babbar garka da keke ko amalanke, ya kwana can in aiki ya yi yawa. Ƙafar babba ta fi ta yaro jure tafiya.

Ba kowa ke da zaɓi ba. Wanda tashin hankali ya kora, ko wanda gonar gadonsa ke ƙauye marar aji 6, inda ya samu nan zai sauka. Shi ma yana da abin yi. Ya kai yaransa ga direkta a makon farko. Ya shiga taron kwamiti. Ya haɗa kai da sauran iyaye a ƙidaya yaran da sunka isa shiga, a kai sunayensu ofishin sufeto a nemi ƙarin malami. Da yawa daga makarantun karkarar Konni da Malbaza da Illela haka sunka fara: rumfar kara guda, mushe guda, da iyayen da sunka nace.